Wa Ya Biya Kuɗin Bunƙasa? Nazarin Lamarin Wani Ƙaramin Gari a Duwatsun Kolorado, 1980 zuwa 2021

Garin kafin a waiwaye shi

Garin, mai suna Parachute, yana yammacin jihar Kolorado ta Amurka, cikin gundumar Garfield, daidai inda wani rafi ya gangaro daga tsaunin Roan ya faɗa Kogin Kolorado. Bisansa daga teku ya ɗan haura mita 1,500, duwatsun da suka yi masa rumfa ta arewa kuma sun ɗara shi da kusan wasu mita 1,000. Ƙidayar 1980 ta sami mutum 338 a cikinsa. Kiwon shanu da tumaki suke yi, da noman ciyawa da 'ya'yan itatuwa da ruwan rafi. Filin da ya dace da gini kaɗan ne, domin kwarin matsattse ne: kogi a gefe guda, dutse a ɗaya gefen, layin dogo da babbar hanya sun ratsa abin da ya rage.

Arzikin da ya jawo wa garin baƙi yana cikin duwatsun nan. Ana ce masa dutsen mai, amma ba mai ne kwance a ciki ba. Wani abu ne daskararre mai suna kerojin, wanda sai an haƙo dutsen, an farfasa shi, an gasa shi a zafin kusan digiri 500 na ma'aunin Selsiyas kafin ya saki mai. Ko dutse mai kyau, tan guda ba ya ba da cikakkiyar ganga. Saboda haka harkar ta fi kama da haƙar ma'adinai fiye da haƙar rijiya, kuma tana cin mutane da ruwa da kuɗi tun ba a ga ɗigon mai ba.

Dattawan garin sun san wannan. An yi rububin filayen dutsen daga wajen 1916 zuwa shekarun 1920, ya mutu da aka sami mai mai arha a wasu wurare. Gwamnatin tarayya ta buɗe tashar gwaji a Anvil Points a shekarun 1940, ta rufe a 1956. A 1964 wasu kamfanoni suka haɗu suka kafa aikin Colony a saman rafin garin, a 1974 suka jingine shi saboda tsada. Har ya zama abin zolaya a yankin cewa man dutse man gobe ne, goben da ba ta wayewa.

1974 zuwa 1979: kuɗin da aka ajiye

Bayan takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973, gwamnatin tarayya ta yi gwanjon hayar wasu filayen dutsen mai a 1974. Fili guda a Kolorado ya tashi a dala miliyan 210, wani a kusan miliyan 118. Dokar lokacin ta ba jihar kashi 37.5 cikin 100 na abin da aka biya. Majalisar jihar ba ta zuba kuɗin cikin kasafin yau da kullum ba, sai ta ware su a asusu na musamman domin garuruwan da aikin zai shafa. A 1977 kuma jihar ta sa harajin fitar da ma'adinai, aka keɓe wani kaso don tallafa wa irin waɗannan wurare.

Ba haka kawai aka yi ba. An riga an ga abin da ya sami Gillette da Rock Springs a jihar Wyoming, inda kwal da tashar lantarki suka ninka jama'a cikin 'yan shekaru, makarantu suka cika, haya ta gagari talaka, shaye-shaye da mutuwar aure suka yawaita. Gwamna Richard Lamm, wanda ya hau mulki a 1975, ya tsaya a kan cewa kamfanin da ya kawo jama'a shi zai ɗauki nauyinsu.

Mayu 1980 zuwa ƙarshen 1981: jama'a sun riga haraji isowa

Juyin juya halin Iran na 1979 ya kai gangar mai wajen dala 35. A Mayun 1980 kamfanin mai na Exxon ya sayi kashi 60 cikin 100 na aikin Colony daga hannun kamfanin ARCO a kan kuɗin da za su iya kaiwa dala miliyan 400, Tosco ya riƙe sauran kashi 40. A watan Yuni Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar tallafa wa man da ba na rijiya ba. Manufar Colony ita ce ganga 47,000 a kullum, daga dutse tan 66,000. A shekarar ce kuma Exxon ya fitar da wata takarda da ta yi hasashen ganga miliyan 8 a kullum nan da 2010, da ƙarin mutum kusan miliyan 1.5 a yankin, da janyo ruwa ta bututu tun daga Kogin Missouri. Union Oil shi ma ya fara gina tasa masana'antar a kan rafin, mai ganga 10,000 a kullum.

Cikin shekara ɗaya da rabi jama'ar garin suka ninka har sau uku ko fiye. Masu walda, direbobin katafila, kafintoci da masu neman ko wane irin aiki suka yi ta kwararowa daga jihohin da masana'antu ke rufewa. Wanda bai sami ɗaki ba ya kwana a mota, ko a tanti ƙarƙashin itatuwan bakin kogi, ko a gindin gada.

Matsalar majalisar garin ta lissafi ce, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A Kolorado ana ƙiyasta darajar kadara a farkon shekara, a biya harajinta a shekara mai zuwa. Masana'antar da ake kan ginawa ba ta da cikakkiyar daraja sai an gama ta. Ke nan ma'aikaci ya iso yau da iyalinsa, yau yake buƙatar famfo da aji da ɗan sanda, harajin da zai biya waɗannan kuwa sai bayan shekaru. Sannan ita masana'antar tana sama da kilomita 20 a cikin kwazazzabo, wajen iyakar gari. Ko ta fara biyan haraji, gunduma da hukumar makarantu za su karɓa, ba majalisar garin da jama'ar suka tare a kanta ba. Abin da gari ke dogara da shi harajin ciniki ne, shi kuwa garin ba shi da manyan kantuna. Ma'aikata su karɓi albashi su tafi garin Rifle ko na Grand Junction su kashe. Ga kuma albashin kamfani da ya fi na hukuma nesa ba kusa ba, har riƙe ma'aikacin famfo ko ɗan sanda ya zama aiki.

Abin da aka gwada

Hukumar gundumar Garfield ce ke da ikon ba da izinin amfani da ƙasa, da shi ta yi ciniki. Kamfanin da ke son izini sai ya nuna inda ma'aikatansa za su kwana da wanda zai biya makaranta da hanya. Exxon ya zaɓi ya gina sabon gari ɗungurungum a kan tudun da ke tsallaken kogi, wato Battlement Mesa, wanda aka tsara wa mutum 25,000. Da kuɗinsa aka shimfiɗa tituna, aka binne bututun ruwan sha da na ƙazanta, aka yi filayen ajiye gidajen tirela, da gidajen haya, da makarantar firamare, da babban zauren wasanni. Union Oil kuma ya zuba nasa a cikin tsohon garin da kewaye, a gidaje da gine-ginen hukuma. Asusun 1974 ya biya ayyukan ruwa da makarantu da hanyoyi a garuruwan kwarin, kyauta ba rance ba.

An kuma kafa kwamitin haɗin gwiwa na jiha da gundumomi da kamfanoni don hasashen yawan jama'ar da za su zo. Alƙaluman da ya yi aiki da su daga jadawalin ɗaukar ma'aikata na kamfanonin suka fito, da su kuma aka auna girman bututu da yawan azuzuwa.

Sai ɓangaren da babu hukumar da ke riƙe da linzaminsa, wato kasuwar fili. Gonar ciyawa da ba ta da mai tayawa jiya ta zama filin unguwa a kan takarda. Dillalai da magina suka shigo daga Denver da wajen jihar. 'Yan gari ma suka shiga: mai shago ya faɗaɗa, mai fili ya yanka fuloti, mai gida ya ci bashi ya ƙara ɗakunan haya. Duk wannan a lokacin da kuɗin ruwa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a tarihin Amurka na zamani. A Disambar 1980 ruwan da bankuna ke ɗora wa manyan abokan cinikinsu ya kai kashi 21.5 cikin 100, a Oktobar 1981 na bashin sayen gida ya haura kashi 18. Wanda ya gina da irin wannan bashi, ba zai iya jure ɗaki ya yi wata uku babu ɗan haya ba.

Masu sayar da gonaki sun kasu biyu. Waɗansu sun karɓi kuɗinsu lakadan. Waɗansu, don farashin ya fi tsoka, sun karɓi kafin alƙalami, sauran a biya su kashi-kashi cikin shekaru, gonar tana matsayin jingina. A lokacin na biyun ne ake ganin sun fi wayo.

Disamba 1981 zuwa 2 ga Mayu 1982

Alamu sun bayyana. Farashin mai ya daina hawa ya fara sauka, domin duniya ta rage sha, ga man Tekun Arewa da na Alaska da na Meziko ya shigo kasuwa. Gwamnatin Ronald Reagan ba ta da ɗokin tallafin da Carter ya kafa. A Disambar 1981 Occidental da Tenneco suka dakatar da babban aikinsu na Cathedral Bluffs a gundumar da ke maƙwabtaka. Ƙiyasin kuɗin gina Colony ya tashi daga wajen dala biliyan 3 ya haura biliyan 5. Amma a garin ana ganin motoci na hawa kwazazzabo kowace safiya, ana kuma cewa kamfanin da ya fi kowane girma a duniya ba ya fara abu ya bari.

Ranar Lahadi 2 ga Mayu 1982 Exxon ya sanar da rufe Colony. Ma'aikata sama da 2,000 suka rasa aiki a yini guda, da yawansu a labarai suka ji. Albashin da ya ɓace daga yankin an ƙiyasta shi da dala miliyan 85 a shekara. Har yau mutanen wurin Baƙar Lahadi suke kiran ranar. Tosco ya yi amfani da wani sharaɗi a yarjejeniyarsu ya sayar wa Exxon kasonsa a kan kusan dala miliyan 380 ya fita. Ba a kai ga gina tukunyar gasa dutsen ba, balle a sayar da ganga ɗaya.

1982 zuwa 1991: wanda ya tafi da wanda ya zauna

Ma'aikatan gini sun saba da ƙaura. Cikin makonni motocin hayar kwasar kaya suka ƙare a yankin, filayen tirela suka koma fayau. Waɗanda asarar ta zauna wa su ne waɗanda ba su da inda za su.

Magina da suka ci bashi suka kasa biya, bankuna suka karɓe gidaje da fuloti da babu mai saye, wasu bankunan yankin ma suka durƙushe a shekarun da suka biyo. Manomin da ya sayar kashi-kashi ya wayi gari mai sayen ya tsere, gona ta dawo hannunsa. A takarda bai yi asara ba. A ƙasa kuwa ya riga ya sayar da shanu da injuna, an yanka gonar fuloti-fuloti, hanyoyin ban-ruwa sun lalace, wani ma ya ci bashin sabon gida bisa dogaro da kuɗin da bai shigo ba. Ganin hadari ya sa wanka da kashi.

Durƙushewar ba ta zo gaba ɗaya ba, domin Union Oil ya ci gaba da aiki, da garantin farashi daga gwamnatin tarayya. Masana'antarsa ta sha fama da matsalar injuna, ba ta taɓa kai ganga 10,000 ɗin da aka tsara a kai a kai ba, aka rufe ta a 1991. Kafin nan farashin mai ya faɗi ƙasa da dala 15 a 1986, aka kuma rushe hukumar tallafin da Carter ya kafa.

Gine-ginen hukuma kuwa suna nan. Makaranta, bututu, tituna da zauren wasanni ba su bi ma'aikata ba, kuma mafi yawansu ba bashi a kansu. Nauyinsu na kulawa ne: bututun da aka auna wa dubbai, ɗaruruwa ne ke biyan kuɗin gyaransa. Exxon bai yasar da Battlement Mesa ba. Ya kammala abin da aka fara, ya ƙara filin wasan golf, ya shiga tallata wurin ga 'yan fansho daga ko'ina a Amurka: gida mai arha, iska mai kyau, rana kusan kullum. Dabarar ta kama. Ƙidayar 1990 ta sami mutum 658 a tsohon garin, kusan ninki biyu na 1980, sabon garin kuma ya doshi mutum 3,500 a 2000. A 1989 Exxon ya sayar da Battlement Mesa ga wasu 'yan kasuwa masu zaman kansu. Saman ƙasa ya sayar. Ma'adinan da ke ƙarƙashi ya riƙe abinsa.

2000 zuwa 2008: zagaye na biyu, da iskar gas

A yammacin Amurka mallakar fili hawa biyu ce. Mutum na iya mallakar saman ƙasa, wani dabam ya mallaki abin da ke ƙarƙashinta, kuma a shari'a mai ma'adinai yana da ikon shiga ya yi amfani da saman gwargwadon buƙatar haƙa. Wata dokar tarayya ta 1916 ta raba wa makiyaya filaye a haka, gwamnati ta riƙe na ƙasa. Wasu filayen kuma masu su ne suka raba hawan biyu a wani ciniki da aka yi tun zamanin kakanni. Muddin babu mai son haƙa, wannan layi ne kawai a takardar gida da ba kowa ke karantawa ba.

A farkon shekarun 2000 aka zo haƙa. Farashin gas ya hau, fasahar fasa dutse da matsin ruwa da yashi ta sa gas ɗin da ke maƙale cikin duwatsun kwarin Piceance ya zama abin riba. Kamfanonin gas na Williams da EnCana suka kafa ofisoshi a bakin garin, Garfield ta zama ɗaya daga cikin gundumomin da aka fi haƙa a jihar. Wannan karon gibin haraji bai yi tsanani ba: rijiya ana gama ta cikin makonni ta fara fitar da abin da za a yi wa haraji, kuma bututu da makarantun 1981 suna nan suna jiran jama'a. Otal-otal suka tashi a bakin babbar hanya, harajin ciniki ya cika asusun gari, gunduma ta ba da izinin sansanonin kwanan ma'aikata kusa da rijiyoyi.

Rabon amfanin ne ya bambanta. Maƙwabta biyu, gonakinsu iri ɗaya: mai hawa biyu yana karɓar kasonsa na gas duk wata, mai saman kawai yana samun ƙura da ƙarar manyan motoci da ɗan diyya. 'Yan fansho da ke zaman haya suka ga kuɗin haya ya bi albashin ma'aikatan gas. A 2007 jihar ta yi dokar da ta tilasta wa kamfani ya rage ɓarnar da yake yi wa mai saman ƙasa gwargwadon hali, amma ba ta ba shi ikon cewa a'a ba.

2009 zuwa 2021

A Yulin 2008 farashin gas ya haura dala 13 a ma'aunin kasuwar Amurka, a 2009 ya faɗo ƙasa da dala 4, saboda karyewar tattalin arziki da kuma gas mai arha da ya ɓullo a Pennsylvania da Texas. Injinan haƙa suka bar kwarin, gidajen haya suka sake zama kango, darajar gidaje ta faɗi.

A tsakiyar wannan, a 2009, kamfanin Antero ya bayyana shirin haƙa rijiyoyi kusan 200 a cikin Battlement Mesa kanta, bisa haƙƙin ma'adinan da aka riƙe a cinikin 1989. Mazauna suka tarar ba su da magajin gari ko majalisar da za ta tsaya musu, domin wurin bai taɓa zama gari mai cin gashin kansa ba; hukumar gunduma ce mai yanke hukunci. Suka nemi a binciki illar aikin ga lafiya. Gunduma ta ba Makarantar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Kolorado aikin a 2010, sannan a 2011 ta tsayar da shi bai kai matakin ƙarshe ba. Antero ya sayar wa Ursa Resources a 2012, Ursa ya sami izini ya haƙa a cikin unguwar, ya kuma shiga fatara a 2020. Dokar jiha da ta nisanta sababbin rijiyoyi daga gidaje da kusan mita 600 ba ta fara aiki ba sai Janairun 2021.

Tsohon garin ya nemi wata hanyar. Da harajin ciniki ya zube, majalisarsa ta janye haramcin shagunan tabar wiwi a 2015, abin da dokar jihar ta halatta tun ƙuri'ar 2012. An yi rigima, har aka nemi tsige 'yan majalisar, bai yiwu ba, harajin kuma ya farfaɗo. Gidajen da suka rage babu kowa, ma'aikatan otal-otal da magina da tsadar Aspen da Glenwood Springs ta koro ne suka cika su, suna tafiyar kilomita 70 ko fiye zuwa aiki. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 1,390 a garin, Battlement Mesa kuma ta ɗan haura 5,400.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Sharaɗin biya kafin izini shi ne ya fi komai amfani, kuma amfaninsa bai dogara da nasarar aikin ba. Gunduma ba ta fi kowa hangen nesa ba. Ita ma ta gaskata hasashen kamfanoni, shi ya sa aka gina abin da ya fi ƙarfin wurin. Sai dai kuskuren hasashen a aljihun Exxon ya faɗa, shi da ke da ikon janyewa kuma ya janye. Asusun 1974 ya yi aiki saboda dalili makamancin wannan: kuɗi ne da suka riga suka shigo hannu, ba bashin da za a biya da harajin masana'antar da ba a gina ba. Da majalisar gari mai mutum 338 ce ta ci rancen bututun nan da ruwan kashi goma sha wani abu, da 1982 ta gama da ita.

Kariyar ta tsaya ne a kan kadarorin hukuma. Babu sharaɗin izinin da ya shafi mai shagon da ya jinginar da gidansa, ko manomin da ya karɓi alkawari a madadin kuɗi. A ganina nan ne kwamitin hasashe ya yi ɓarnar da bai nufa ba. Alƙaluman da asalinsu burin kamfani ne suka fito da hatimin hukuma, banki ya ba da bashi a kansu, ɗan gari ya ci. Da an buga kowane hasashe tare da lissafin abin da zai faru idan babban kamfani ɗaya ya fita, da aƙalla mai cin bashi ya san da me yake caca.

Gibin da ya fi daɗewa bai bayyana ba shi ne na haƙƙin ƙarƙashin ƙasa. Lokacin da gunduma ke da ƙarfin ciniki a 1980 da 1981, hankalinta na kan azuzuwa da bututu, ba a kan wanda zai mallaki ma'adinan da ke ƙarƙashin unguwar da ake tsara wa mutum 25,000 ba. Shekara 20 bayan cinikin 1989 aka gabatar da takardar haƙƙin ma'adinan, ga mutanen da yawancinsu ba sa wurin lokacin da aka rubuta ta, kuma a lokacin gunduma tana samun kaso mai tsoka na harajinta daga gas ɗin da ake neman izinin haƙowa.